Daga Minti Biyu Zuwa Awa Uku: Yadda Aka Shawo Kan Matsalar Tashi Ba Inji a Wani Tudu na Jamus

Asalin lamarin, 1891 zuwa 1919

Wurin da wannan nazari ya shafa wani tudu ne mai suna Wasserkuppe a tsakiyar ƙasar Jamus, shi ne mafi tsayi a jerin tsaunukan Rhön, tsayinsa mita 950 daga doron teku. A wancan zamani samansa fili ne na ciyawa, kusan babu bishiya, kuma yana da gangare ta fuskoki da dama, ta yadda duk inda iska ta ɓullo ana iya samun gefen da ke fuskantarta. Garin da ya fi kusa da shi shi ne Gersfeld, inda jirgin ƙasa ke sauke mutane da kaya, daga nan sai hawa. Hazo da ruwan sama sukan rufe tudun kwana da kwanaki ko da a tsakiyar bazararsu.

Matsalar da aka kawo wannan wuri, wato yadda mutum zai daɗe a sama da jirgi mara inji, ta girmi duk waɗanda suka zo warware ta. Otto Lilienthal ya yi tashi kusan 2,000 da jirage marasa inji tsakanin 1891 da 1896, yana rataye a ƙarƙashin fukafukai yana sarrafa su da karkata jikinsa, amma mafi nisan da ya yi bai wuce kimanin mita 250 ba. Ya faɗo a ranar 9 ga Agusta 1896, ya rasu washegari. A Amurka, Orville Wright ya tsaya a sama na minti 9 da daƙiƙa 45 a watan Oktoba 1911, wannan kuwa ya zama ma'aunin duniya da ya shekara goma ba a karya ba. A kan tudun da muke magana, wasu 'yan makaranta daga Darmstadt ne suka fara gwaji a 1911, kuma a 1912 ɗayansu, Hans Gutermuth, ya yi mita 838 cikin daƙiƙa 112. Yaƙin Duniya na Farko ya katse aikin, kuma Gutermuth yana cikin waɗanda ba su dawo daga fagen fama ba.

Bayan yaƙin, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta haramta wa Jamus mallakar rundunar sojan sama, aka kuma dakatar da ƙera jiragen sama a ƙasar, dakatarwar da ta ja har watan Mayu 1922. Matasa da yawa da suka koyi tuƙi a yaƙi suka koma jami'a ba su da abin tuƙawa. Yarjejeniyar ba ta ambaci jirgi mara inji ba, saboda ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Tambayar da ta rage ita ce ko mutum zai iya daɗewa a sama ba inji, ko kuwa abin da zai iya kawai shi ne gangarowa daga kan tudu zuwa ƙwari cikin minti ɗaya ko biyu.

Gasar farko, Yuli zuwa Satumba 1920

Oskar Ursinus, editan wata mujallar harkar jirage mai suna Flugsport da ake bugawa a Frankfurt, shi ne ya fitar da kira a watan Maris 1920 cewa a hallara a kan tudun. Kimanin mutum 25 suka amsa, suka kafa tantuna, kuma yawancin jiragen da suka zo da su ba su tashi ba sam. Wasu an yi su ne da siffar tsuntsu, wasu masu su sun yi niyyar kaɗa fukafukan da ƙarfin hannu ko ƙafa, wasu kuma ba a gama haɗa su ba har gasar ta ƙare.

Willy Pelzner, wani matashi daga Nürnberg, ya bi tafarkin Lilienthal da ƙaramin jirgi mai fiffike biyu sama da ƙasa wanda yake ratayewa a jikinsa. Yana gudu da ƙafa ya tashi, ya sauka da ƙafa, ya ɗauki abinsa ya sake hawa. Mafi kyawun tashinsa a wannan shekara shi ne mita 452 cikin daƙiƙa 52. Eugen von Lössl ya zo da jirgi mai fiffike biyu da mazauni da sandar tuƙi, amma a ranar 9 ga Agusta wani sashe na wutsiyar ya karye yana cikin iska, jirgin ya ƙwace, ya faɗo ya rasu. Ranar ta zo daidai da cikar shekara 24 da faɗuwar Lilienthal. An yi shawarar a watse, daga bisani aka ci gaba.

Can wajen ƙarshe wasu ɗalibai daga Aachen suka iso da jirgin da Wolfgang Klemperer ya zana, wanda yake aiki a ƙarƙashin Farfesa Theodore von Kármán. An lulluɓe shi da baƙin yadi, shi ya sa aka laƙaba masa sunan da ke nufin Baƙin Shaiɗan. Fiffikensa guda ne, mai kauri, ba waya ba sandar tokara a waje, nauyinsa kimanin kilo 60, faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike bai kai mita 10 ba. Klemperer ya kuma kawo dabarar harba jirgi da igiyar roba: a maƙala tsakiyar igiyar a hancin jirgin, mutane su kasu gida biyu su ja bakinta suna gudu zuwa gangare, wasu na riƙe da wutsiya, sai a ba da umurni su saki. A ranar 4 ga Satumba ya yi mita 1,830 cikin minti 2 da daƙiƙa 22. Wannan shi ne sakamako mafi kyau na shekarar, kuma bai kai rubu'in abin da Orville Wright ya yi ba.

Shekarar 1921: hanyoyi biyu a gefen juna

A gasa ta biyu jiragen da aka yi wa rajista sun haura 40, kuma an fara ganin rabuwar ra'ayi a fili. Ɓangare ɗaya sun yi imani cewa sirrin tsuntsayen da ke shawagi ba sa kaɗa fiffike yana cikin bugun iska, wato yadda take ƙaruwa ta ragu a kai a kai, kuma jirgin da zai daɗe a sama dole ne fiffikensa ya riƙa amsa kowane bugu nan take ya tatsi ƙarfinsa. Ɗaya ɓangaren, galibinsu ɗaliban injiniya, sun mayar da hankali ga rage turjiyar iska domin jirgin ya riƙa sauka a hankali.

Babban mai riƙe da ra'ayi na farko shi ne Friedrich Harth, mai zanen gine-gine daga Bamberg, wanda ya fara ƙera jirage marasa inji tun wajen 1910, yana da wani yaro mai taimaka masa da ake kira Willy Messerschmitt. Harth ba ya son taro, yana gwaje-gwajensa ne a wani tudu na kusa mai suna Heidelstein. A jiragensa, matuƙi yana zaune a fili a ƙarƙashin fiffike, yana riƙe da sanduna biyu da yake murɗa fiffiken da su, ya ɗaga gabansa ko ya sunkuyar da shi gwargwadon yadda ya ji iska ta buga. A ranar 13 ga Satumba 1921 ya yi fiye da minti 21 a sama, wanda ya zarce duk abin da aka taɓa yi a duniya, amma tashin ya ƙare da faɗuwa, ya ji mummunan rauni a kai, kuma bai sake komawa yadda yake ba.

Wani mai zane, Fritz Wenk, ya kawo jirgi mara wutsiya mai fukafukai masu lanƙwasa irin na tsuntsun teku, ana kiransa Weltensegler. A ranar 14 ga Agusta Wilhelm Leusch, tsohon matuƙin jirgin yaƙi, ya tashi da shi cikin iska mai ƙarfi. Jirgin ya hau sama da inda ya taso, jama'a suna murna, sai ya karkata ya shiga juyi yana nutsawa, gudu ya ƙaru, fiffiken ya karye. Leusch ya rasu a wurin.

A ɗaya ɓangaren, Klemperer ya dawo da ingantaccen jirgi mai suna Blaue Maus, kuma a ranar 30 ga Agusta, bayan an rufe gasar, ya yi minti 13 a sama ya sauka a bakin garin Gersfeld. A karon farko an wuce ma'aunin Orville Wright. Bayan 'yan kwanaki, a farkon Satumba, Arthur Martens ya yi minti 15 da 'yan daƙiƙu, ya ci kimanin kilomita 7 da rabi, da wani sabon jirgi daga Hannover mai suna Vampyr. A ƙarshen shekarar lissafi ya tsaya haka: mai ra'ayin bugun iska ne ke riƙe da mafi tsawon lokaci, amma yana kwance a asibiti, kuma ba wanda ya iya maimaita abin da ya yi.

Jirgin Hannover da hunturun 1921

Vampyr ya cancanci a duba shi da kyau, domin kusan duk jirgi mara inji da aka yi cikin shekaru talatin masu zuwa ya gaji wani abu daga gare shi. Georg Madelung ne ya tsara shi, ɗalibai uku na babbar makarantar fasaha ta Hannover, wato Martens da Friedrich Hentzen da Walter Blume, suka yi lissafi da zanen dalla-dalla a ƙarƙashin Farfesa Arthur Pröll, wata masana'antar taragon jirgin ƙasa ta garin kuma ta ƙera shi. An gwada siffar fiffiken a bututun gwajin iska na Göttingen, inda masanin kimiyyar iska Ludwig Prandtl ya riga ya nuna da lissafi cewa wani kaso mai yawa na turjiyar da fiffike ke sha yana fitowa ne daga iskar da ke kewayowa ta bakinsa, kuma gwargwadon tsawon fiffike da sirantarsa, gwargwadon raguwar wannan asara.

Wahalar ita ce fiffike dogo siriri yana murɗewa idan iska ta matsa masa, kuma hanyar da aka saba hana murɗewar ita ce wayoyi da sandunan tokara, su kuwa suna dawo da turjiyar da ake gudu. Madelung ya sa ƙashi guda ɗaya mai ƙarfi ya ratsa fiffiken a tsawonsa, sannan aka lanƙwasa siririn katakon nan da kafintoci ke kira filawud aka manna shi daga saman ƙashin, ya zagaye gaban fiffiken, ya dawo ƙarƙashinsa. Abin da aka samu shi ne bututu rufaffe. Duk wanda ya taɓa murɗa gorar da ba a tsaga ba, ya kuma murɗa wadda aka tsaga ta a tsawonta, ya san bambancin da rufewar ke kawowa. Wannan bututu ya hana murɗewa, ya kuma ba gaban fiffiken santsi da siffa madaidaiciya, wanda yadin da aka ɗame a kan haƙarƙarin katako ba ya iya bayarwa.

Faɗin fukafukan mita 12.6 ne, shimfiɗarsu murabba'in mita 16, nauyin jirgin ba matuƙi kimanin kilo 120, wato ninki biyu na jirgin Klemperer na farko. Matuƙi yana zaune a cikin akwatin katako, kansa kaɗai ke waje a ƙarƙashin fiffike. A maimakon tayoyi an sa ƙwallaye uku na fata irin na ƙwallon ƙafa, ɗaya a hanci biyu a ciki, rabinsu a ɓoye cikin gangar jirgin. A iska mai kwanciya, duk mita 1 da ya sauka yana cin kimanin mita 16 a gaba. Mutane da dama a kan tudun sun ga nauyinsa a matsayin aibi, domin a lokacin an ɗauka cewa rashin nauyi shi ne komai.

A wannan hunturu mutum biyu suka ƙi sauka daga tudun. Ɗaya shi ne Gottlob Espenlaub, kafinta daga Württemberg wanda bai yi karatun injiniya ba, ɗayan kuma Alexander Lippisch. Sun zauna a wata bukka cikin dusar ƙanƙara da ƙarancin abinci suna ƙera jirage, Lippisch na zane Espenlaub na sassaƙa. Espenlaub ya fahimci darasin Vampyr da idonsa na kafinta, kuma a 1922 ya fito da jirgi mai faɗin mita 17.

Agusta 1922

Kafin gasa ta uku, masu masana'antun jirage na Jamus sun sa kyautar mak 100,000, wato kuɗin Jamus na lokacin, ga wanda zai yi minti 40 a sama a kusa da inda ya taso, sannan ya miƙa ya ci kilomita 5. Sharaɗin ya tilasta wa matuƙa su yi tunanin abin da ba su saba ba, domin har zuwa lokacin al'adar ita ce a harba mutum ya miƙe zuwa ƙwari ya nemi nisa.

Idan iska ta bugi gangaren tudu ba ta da hanya sai ta hau, kamar yadda take ɗaga leda ko busasshen ganye idan ta ci karo da katanga. A gaban gangaren akwai wani yanki, dogo amma mara faɗi, inda iskar ke tashi sama. Jirgi mara inji kullum yana sauka a cikin iskar da yake ciki, amma idan iskar tana hawa da saurin da ya fi saukarsa, to mai kallo daga ƙasa zai ga yana hawa. Wanda ya miƙe zuwa ƙwari yana ratsa wannan yanki cikin 'yan daƙiƙu ya bar shi a baya.

A ranar 18 ga Agusta, da iska na kaɗawa daga yamma, aka harba Martens da Vampyr. Maimakon ya miƙe, sai ya juya ya bi tsawon gangaren, da ya kai ƙarshensa ya juyo ta wajen da iska ke fitowa, bayansa na ga tudun, ya dawo ta inda ya fito, ya sake juyowa a ɗaya ƙarshen. Hanyar da yake bi ta zama kamar lamba 8 a kwance. Juyawa ta wajen iska na da dalili, domin wanda ya juya ta wajen tudun iska za ta kwashe shi ta kai shi bayan ƙololuwa, inda take gangarowa ƙasa. Martens ya hau kimanin mita 100 sama da inda ya taso, ya cika minti 40, ya miƙa ya sauka a ƙwari bayan ya shafe fiye da awa 1 a sama.

Washegari Hentzen ya ɗauki wannan jirgi ya yi awa 2. A ranar 24 ga Agusta ya yi fiye da awa 3, ya kai kimanin mita 350 sama da wurin tashi, kuma a ranar ba shi kaɗai ke sama ba, domin ɗaliban Darmstadt ma sun tashi da nasu jiragen suka bi wannan hanya. Cikin mako guda abin da ya gagara shekara talatin ya zama abin da ake koya wa na baya. Kuɗin kyautar ba su daɗe da daraja ba saboda hauhawar farashin da ta cinye kuɗin Jamus a 1922 da 1923.

Abin da ya biyo baya, 1922 zuwa 1929

Labari ya bazu, kuma a watan Oktoba na wannan shekara wani Bafaranshe, Alexis Maneyrol, ya yi awa 3 da minti 21 a tudun Itford da ke Ingila da jirgin da bai yi kama da Vampyr ba ko kaɗan. Abin da ya fi wannan jan hankali shi ne na Ferdinand Schulz, malamin makaranta daga Gabashin Prussia. Ya zo tudun a 1922 da jirgin da ya haɗa da sanduna da waya, wanda aka yi wa laƙabi da sandar tsintsiya, kuma kwamitin ƙwararru ya hana shi shiga gasa saboda ba su amince da ƙarfinsa ba. A watan Mayu 1924, a kan tuddan rairayi na Rossitten da ke gaɓar tekun Baltic, Schulz ya yi awa 8 da minti 42 a sama da wannan jirgi, yana zaune a fili cikin sanyi.

A kan tudun kansa an shiga wata sabuwar tsayawa, domin iskar gangare tana ɗaure matuƙi a wuri guda. A watan Agusta 1926 hadari ya zuƙe Max Kegel zuwa cikin gajimare, ya fito da ransa ya sauka a nisan kimanin kilomita 55. Masanin yanayi Walter Georgii ya bi diddigin iskar zafi da ke tashi daga ƙasar da rana ta gasa, irin wadda shirwa da ungulu ke kewayawa a cikinta da hantsi. A 1928 Robert Kronfeld ya fara amfani da wata na'ura mai nuna hawa ko sauka a cikin jirgin da Lippisch ya zana, kuma a watan Mayu 1929 ya wuce kilomita 100 a tashi ɗaya.

Hukunci

A ganina abin da ya warware matsalar daɗewa a sama shi ne juyowar da Martens ya yi a ƙarshen gangare, fiye da jirgin da yake ciki. Hujjata ita ce Schulz da Maneyrol, waɗanda suka zarce Hentzen da jiragen da ba su kai Vampyr inganci ba. Iskar gangare tana nan tun zamanin Lilienthal, kuma ina da yaƙinin ita ce ta riƙe Harth na minti 21, ita ce kuma ta ɗaga Leusch kafin fiffikensa ya karye. Ra'ayin bugun iska ya sa mutane masu basira suka danganta nasararsu ga abin da ba shi ya kawo ta ba, suka kuma ƙera fukafukai masu motsi da rauni a daidai wurin da ake bukatar ƙarfi. Akwai tsuntsayen teku da ke cin moriyar bambancin gudun iska, saboda haka ra'ayin ba shirme ba ne, sai dai jirgin katako da yadi na 1921 ba zai iya abin da suke yi ba.

Duk da haka ban yarda a rage darajar aikin Madelung da ɗalibansa ba. Schulz ya bukaci iskar teku mai ƙarfi da daidaito kafin jirginsa ya tsaya, alhali Vampyr yana hawa a iska matsakaiciya a kan tudu mai iska mai rikici, yana kuma juyawa sau da yawa ba tare da fiffike ya murɗe ba. Ba a iya koyon juyi a jirgin da juyi ke karya shi. Kuma da aka koma neman nisa da iskar zafi, layin Vampyr ne ya ci gaba, ta hannun ɗaliban Darmstadt da Lippisch, yayin da aka bar na Harth da na Pelzner. Sharaɗin kyautar 1922 ma ya taka rawar da ba a cika ambata ba, tun da shi ne ya sa tsayawa a wuri guda ta zama abin nema.

Abin da ke damuna a tarihin shi ne yadda sunayen suka rabu. Messerschmitt, yaron Harth, ya zama sananne a duniya wajen ƙera jirage, ubangidansa kuwa kaɗan ne suka san shi. Klemperer ya koma Amurka a 1924, Blume ya zama babban mai zane a kamfanin jirage na Arado, Madelung ya zama farfesa a Stuttgart, Espenlaub kuma ya ci gaba da gwaje-gwajensa, har yana cikin waɗanda suka fara jan jirgi mara inji da mai inji a 1927. Vampyr na asali yana cikin kayan da gidan tarihin Deutsches Museum na Munich ke ajiyewa.